Shaidar Ƙwaron Ruwa: Tarihin Gwajin Guba a Dagwalon Masana'antu

Kawuna manomin lambu ne a bakin kogin Jakara. Ina yaro nakan raka shi ban ruwa, kuma ban cika ganin ruwan nan da launi ɗaya kwana biyu a jere ba: yau baƙi, gobe shuɗi-shuɗi da kumfa. Da shi ake shayar da latas da kabeji da alayyafon da ake kaiwa kasuwa. Wata rana na tambaye shi ko ruwan yana da illa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ni dai na san da can akwai kwaɗi a nan, yanzu babu." Sai da na shiga jami'a na gane cewa a kan irin wannan lura tasa aka gina gwajin da manyan ƙasashe suke dogara da shi kafin su bar masana'anta ta zuba ruwanta a kogi.

Tarihin ya ɗauko asali ne daga Amurka. Ranar 22 ga Yuni, 1969, kogin Cuyahoga da ya ratsa birnin Cleveland a jihar Ohio ya kama da wuta, saboda mai da tarkacen da suka lulluɓe fuskarsa. Ba ranar ya fara ci ba, gobarar 1952 ma ta fi ɓarna, amma ta 1969 ta zo a lokacin da jama'a suka gaji. A ƙarshen 1970 aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA. A 1972 majalisa ta zartar da dokar tsaftar ruwa. Shugaba Nixon ya hau kujerar na ƙi saboda tsadar aiwatar da ita, 'yan majalisa suka rinjaye shi da ƙuri'a.

Dokar ta juya al'amarin gaba ɗaya. A da, zuba dagwalo abu ne da ake yi har sai an kama mutum da laifin ɓarna. Daga 1972 ya zama haramun ga duk wata masana'anta ko matatar ruwan gari ta saki ruwa ta bututu zuwa kogi sai da takardar izini, wadda wa'adinta ba ya wuce shekara 5. Takardar tana ƙayyade iyakar kowane sinadari, tana kuma ɗora wa mai ita nauyin auna ruwansa da miƙa rahoto. Ƙarya a cikin rahoton laifi ne da kan kai mutum gidan yari.

To, amma ba a daɗe ba aka ga giɓi. Mai awo ba ya samun sai abin da ya nema. Sinadaran da masana'antu ke amfani da su dubbai ne, jerin da ke cikin takarda kuwa gajere ne. Ƙari a kan haka, sinadarai biyu da kowanne bai ƙetare iyakarsa ba suna iya haɗuwa su kashe kifi. Ruwa sai ya ci jarrabawa a takarda, kogi kuma yana mutuwa. Shi ya sa a 1984 EPA ta fitar da manufar gwada dagwalon dungurungum a kan halittu masu rai, a 1995 kuma ta mayar da hanyoyin gwajin ƙa'idar doka.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗebo ruwan daga bakin bututu, a sirka shi da ruwa mai tsafta mataki-mataki, misali kashi 100, da 50, da 25, da 12.5, da 6.25 cikin ɗari, a ware tsaftataccen ruwa zalla don kwatantawa. Sai a saka 'ya'yan wani ƙaramin kifi, ko wani ƙwaron ruwa mai suna Ceriodaphnia dubia, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Gajeren gwaji ba ya wuce awa 96, kuma mutuwa ake ƙirgawa. Dogon yana ɗaukar kimanin kwana 7, ana duba girman kifin da yawan haihuwar ƙwaron, domin guba ba kullum take kisa nan take ba, wani lokaci zuriya take yankewa. Idan fiye da kashi 20 cikin ɗari na waɗanda ke cikin tsaftataccen ruwan suka mutu a dogon gwaji, an soke shi, sai a sake. Masana'antar da ta yi ta faɗuwa kuwa ana tilasta mata ta binciko tushen gubar, ta kawar da shi.

Mu a Nijeriya ba mu shafa wa gemunmu ruwa ba sai da ya kama. A 1988 aka gano dubban gangunan dagwalo mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Bendel ta wancan lokaci. A shekarar gwamnatin soja ta kafa dokar hana shigo da guba, ta kuma kafa hukumar FEPA. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. A 2007 aka kafa NESREA, wadda a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da kamfanonin fata.

Wannan ya shafi Kano kai tsaye. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. Ruwan unguwar masana'antu ta Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Challawa da Sharaɗa kuma yana gangarawa kogin Challawa. A jami'o'inmu ɗalibai sun daɗe suna gwada irin wannan ruwa a kan 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, sakamakon kuma yakan ƙare a kan kantar ɗakin karatu.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, takardar izini ba ta tsaftace kogi. Abin da ya farfaɗo da Cuyahoga har kifi ya dawo cikinsa shi ne awo a kai a kai, da rahoton da kowa ke iya gani, da hukuncin da ake zartarwa. Ina ganin ya kamata sabunta izinin kowace masana'anta a ƙasar nan ya rataya a kan gwajin halittu masu rai, da kifayen ruwanmu, a kuma bayyana sakamakon ga mutanen da ke sha da noma a ƙasan bututun.

Kawuna bai san sunan kuromiyam ba har yau. A bara na kai masa ziyara, na ba shi labarin ƙwaron da ake sakawa a kofi a Amurka. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗauki bokitinsa ya ce, "To, in sun tashi gwadawa, su zo nan su ɗiba."