Tsohon Babur da Ƙafafunsa na Gaba: Wani Ɓangare na Tarihin Ƙasar Zuru

Duk wanda ya koma gida lokacin Uhola ko hutun ƙarshen shekara, in ya leƙa bayan rumbu ko ɗakin ajiya a wasu gidajenmu, ba zai rasa ganin wani tsohon babur a jingine ba, tayoyi a sace, ƙura ta rufe tanki. Yaranmu da aka haifa a Kaduna, Abuja ko Legas sukan ɗauke shi tarkace. Mu kuwa da aka goya a bayansa zuwa asibiti ko makaranta mun san matsayinsa. A wannan shekara mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan abin hawa, musamman ƙafafunsa na gaba, waɗanda kanikawa ke kira shokozoba ko fok, domin su ne suka fi kowane sashe na babur ɗanɗana wahalar hanyoyinmu.

Kafin babur ya yawaita, keken Raleigh shi ne abin alfaharin malamin makaranta da tsohon soja. Ƙasar Zuru ta daɗe da suna wajen aikin soja, kuma waɗanda suka dawo daga bakin daga, tun daga yaƙin Bama har zuwa yaƙin basasa da ya ƙare a 1970, sun dawo da sanin injuna da sha'awarsu. Sai dai abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne ƙarin albashin Udoji. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ma'aikata har da bashin watannin baya a 1975, kuɗi suka shiga hannun ƙananan ma'aikata a dunƙule. Da yawa daga cikin malaman makaranta, malaman gona da ma'aikatan lafiya sai suka sayi baburan Japan: Honda Benly, Suzuki, Yamaha, da ƙaramar Honda mai saukin hawa da aka fara ƙerawa tun 1958. A 1976 aka raba Jihar Arewa maso Yamma, Zuru ta faɗa cikin Jihar Sakkwato, tafiye-tafiyen aiki suka ƙaru. Kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki a Legas, Honda kuma ta kafa kamfaninta na Nijeriya a 1979, da masana'anta a Ota.

To amma waɗanda suka ƙera waɗannan babura ba su san hanyar Dabai zuwa Mahuta ba, balle ta Ribah zuwa Wasagu da Bena, ko ta Dirin Daji. Ƙasarmu ta tuddai ce da duwatsu da rafuka. Da damina ruwa ya yanka hanya, da rani tsakuwa ta fito. Ga shi kuma babur ɗaya ne zai ɗauki maigida da uwargida da buhun dawa. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa, ƙafafun nan biyu ne ke fara karɓar dukan.

Yadda aka tsara su abin a sani ne. Kowace ƙafa bututu biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya. A ciki akwai sifirin da ke ɗaukar nauyi, da mai wanda ke bi ta wasu ƙananan ƙofofi yana rage ƙarfin tsallen sifirin, sannan a bakin bututun akwai zoben roba da ke hana man fita, ya kuma hana ƙura shiga. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sayar da babura masu irin wannan tsari na mai a 1935, daga baya duniya ta bi. Ƙaramar Honda ta farko kuwa nata tsarin daban ne: wasu gajerun hannuwa ne ke riƙe da taya daga ƙasa, shi ya sa gyaranta ya bambanta.

Ciwon yakan fara ne daga ƙura. Ƙasar hunturu ta manne a jikin bututu, ta cinye zoben roba, mai ya fara tsiyaya. In man ya ƙare, sai gaban babur ya riƙa bugawa a kowane rami, ya nutse idan an kama birki. In man ya gangara ya taɓa birki, to abin ya wuce rashin daɗi, ya zama haɗari ga rai.

A shekarun farko gyaran bai da wuya, domin kayan asali suna samuwa. Al'amura sun sauya ne daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar Naira ta faɗi. Sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali suka yi tsada. A nan ne ƙwarewar kanikawanmu ta fito fili, domin wanda ba zai iya sayen sabo ba dole ya raya tsoho.

Da yawa daga cikinmu mun zauna a kan benci mun ga yadda ake aikin. Bakanike zai ɗora cikin babur a kan kututture, ya cire tayar gaba da madigadi da wayoyin birki. Yakan sassauta murfin sama tun ƙafar tana daure, domin in ta fito ba ta da abin riƙo. Ya zare ƙafar, ya juye baƙin man da ya rage, ya wanke komai da kananzir. Daga nan sai ya mirgina bututun a kan abu mai shafaffen fuska. In ya yi rawa, to ya lanƙwashe. Ya jera sifirin biyu ya gwada tsawonsu, domin wanda ya gaji yakan gajarta. Ya sa sabon zoben roba a hankali, ya auna mai daidai wa daida a ƙafa biyun. A wuyan babur kuma akwai ƙwayoyin boris da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a manna su da giris kafin a mayar.

Idan ƙafar ta wuce gyara, sai a nemi ta wani mataccen babur a musanya. Wannan shi ne aikin da ke bambanta gwani da ɗan koyo. Sai kaurin bututun ya dace da maƙalinsa, ƙarfen da ke ratsa taya ya shiga daidai, farantin birki ya sami inda zai kama. Tsawo ma abin lura ne: ƙafar da ta fi ta asali tsawo takan ɗaga gaba, ta sa kan babur ya yi nauyin juyawa, gajeriya kuma ta sa shi saurin karkata. Ba tare da littafin kamfani ba, iyayenmu kanikawa suka riƙe waɗannan ma'aunai a ka, da ido da tafin hannu.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, zirga-zirga ta ƙara yawa, sana'ar kabu-kabu ta bunƙasa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da araha, daga baya Bajaj na Indiya ya mamaye hanyoyin karkara. Wannan ci gaba ne da ba za mu raina ba, amma ya zo da wata ɗabi'a: maimakon a buɗe a gyara, sai a cire ƙafar gaba ɗaya a sa sabuwa, ko da ba ta da ƙarko. Matashin da ke koyon aiki yau yana iya gama shekarunsa bai taɓa gwada bututu ko auna mai ba. Tsofaffin gwanayen kuma suna ta ƙarewa, tsofaffin baburan suna tafiya hannun 'yan gwangwan a kan kuɗi kaɗan. Cire tallafin mai a 2023 da tsadar da ta biyo baya sun sake tuna mana darasin 1986, cewa ranar da sabo ya gagara, da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu mazauna birane da abu uku. Na farko, kada mu bari a sayar da babur ɗin mahaifi a matsayin ƙarfe. A shigar da shi inuwa, a adana takardunsa da hotunansa. Na biyu, idan mun je gida mu ziyarci tsofaffin kanikawan Zuru, Ribah da Mahuta, mu ɗauki bayanansu da murya da hoto tun suna raye. Na uku, rassan ƙungiyarmu su duba yiwuwar ɗaukar nauyin wasu matasa su koyi aikin a hannunsu, tare da saya musu kayan aiki. Tun da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya a 2020, muna da inda za a nemi haɗin kai wajen rubuta wannan ilimi.

Muna alfahari da hafsoshin soja da malaman da ƙasarmu ta haifa, kuma ya kamata. Amma yawancinsu a bayan babur aka kai su tashar mota ranar da suka fara barin gida, kuma akwai wanda ya gyara ƙafafun wannan babur har ya kai su lafiya. Shi ma ya cancanci a rubuta sunansa a tarihin Zuru.