Bishiyar Turare da Gatarin da Aka Hana

Daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko daga Zurmi zuwa Birnin Tsaba, inda duk bishiyar turare ta tsaya, yawanci harabar makaranta ce, ko asibiti, ko bakin hanya. Da wuya a same ta tsakiyar gonar gero. Baƙuwa ce, asalinta Ostareliya. Ma'aikatan gandun daji ne suka kawo ta tun zamanin Turawa, aka kuma yawaita dashenta bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da gwamnati ta duƙufa jera shingayen itatuwa don tare iska da rairayi, irin na Dambatta a jihar Kano. A ganina, abin da ya hana ta zama 'yar gida a arewacin Zamfara shi ne ta shigo tare da dokar hana sara, alhali ita bishiya ce da amfaninta ke bakin gatari.

Kafin zuwanta, mutanen wannan ƙasa sun san yadda ake rage wa itace reshe ba a kashe shi ba. Da rani, makiyayi kan hau gawo da barandami ya saro wa dabbobi ganye, domin gawo lokacin yake kore, ya kakkaɓe da damina. Manomi kan datse rassan da suka yi wa dawa inuwa, ya bar uwar. Ilimi ne na sanin wane reshe, wane wata, da inda za a tsaya. Da aka shata gandun daji, ciki har da babban dajin Zamfara da ke gabas da Zurmi, sai malamin daji ya daina bambanta mai rage reshe da mai kashe bishiya: duk wanda aka gani da gatari mai laifi ne. Talaka kuwa ya ɗauki darasi, cewa itacen da aka dasa na gwamnati ne. Abin da ba naka ba, ba ka gyaransa. Sai dai ka sare shi da dare, kana sauri, ka tsaga ɓawo, ka buɗe wa gara ƙofa.

Turare kuma ba ta son a ƙyale ta. In an bar ta, sai ta miƙe sama, rassanta su yi nauyi, iskar farkon damina ta karyo su kan rufin kwano. In an sare ta kusa da ƙasa da kaifin ƙarfe, saran ya ɗan karkata yadda ruwa ba zai kwanta ba, kututturen kan fitar da toho da yawa. A zaɓi biyu ko uku a bari, cikin 'yan shekaru an sami sandunan rufi miƙaƙƙu da itacen girki, a sake sara, ta sake tohowa.

Za a ce in aka sakar wa kowa gatari, daji zai ƙare. Tsoron yana da tushe, ganin yadda buhunan gawayi ke fita daga ƙauyukanmu. Amma a dubi Maraɗi, wadda daga Shinkafi ba wata tafiya ba ce. Tun 1983 wani mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma su riƙa gyara tohon kututturan gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. Aikin bai kankama ba sai da manoma suka tabbata itacen nasu ne, dokar daji ta Nijar ta 2004 ta ƙarfafa hakan, har fili mai kimanin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Maraɗi da Damagaram.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: turare na shan ruwa, saiwarta na cinye amfanin da ke gefenta, dabba kuma ba ta cin ganyenta. Gaskiya ne, don haka ba ta da gurbi a fadamar Gulbin Ka ko Bunsuru, kuma ba za ta taɓa maye gawo ba. Wurinta kan iyakar gona ne da fako, inda mai ita zai haƙa rami ya datse saiwar da ta nufi shuka, ya rage rassa kafin ruwan fari ya sauka.