Ƙyanda Da 'Ya'yan Ikkilisiyarmu

Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya sun sha wuyar baƙon dauro, wato ƙyanda. Da bazara takan shiga gida ta kwantar da yara duka; waɗansu su makance, waɗansu zawo ko ciwon haƙarƙari ya ɗauke su. Fastocinmu sun binne ƙanana da yawa.

Cikin alherin Ubangiji aka samo allurar rigakafi a Amurka a 1963. A 1967 ma'aikata suka soma zagaya garuruwan Nijeriya da allurar bindiga, ta agana da ta ƙyanda tare. Agana ta ƙare, amma ƙyanda tana nan har yau. Shi ya sa Zumuntar Mata ba ta fasa tuna wa uwaye su kai jariri allura da zarar ya cika wata 9 ba.