Geoffrey Chaucer da Labaran Canterbury

Geoffrey Chaucer mawaƙi ne kuma ma'aikacin fada a Ingila, wanda ake yi wa laƙabi da uban adabin Turanci. An haife shi a Landan wajen shekarar 1343. Mahaifinsa, John, attajiri ne mai fataucin giyar inabi, kuma shi ya samar wa ɗansa gurbi a gidan sarauta: a 1357 yaron yana hidima a gidan Elizabeth, matar Yarima Lionel ɗan Sarki Edward na Uku.

A 1359 ya bi rundunar sarki zuwa yaƙi a Faransa, aka kama shi, sarki ya biya fam 16 cikin kuɗin fansarsa. Daga baya ya auri Philippa Roet, ita ma mai hidima a fada. An aike shi Italiya sau biyu, Genoa da Florence a 1372 zuwa 1373, sai Milan a 1378. Sanin da ya yi wa rubuce-rubucen Dante da Boccaccio ya sauya salonsa sosai, kuma daga wani aikin Boccaccio ya ɗauko labarin Troilus and Criseyde, doguwar waƙar soyayya da ya kammala a tsakiyar shekarun 1380.

Amma aikin da ya ci abinci da shi tsawon shekara 12, daga 1374, shi ne kula da kwastan na ulu da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan. Wanda ya yini yana lissafi da fatake da matuƙa jirgi da 'yan fasa-ƙwauri ba sai an koya masa halin ɗan Adam ba. Ya wakilci Kent a majalisa a 1386, ya kuma riƙe muƙamin mai kula da gine-ginen sarki daga 1389 zuwa 1391.

Wajen 1387 ya soma The Canterbury Tales. Maziyarta kusan 30 sun haɗu a masaukin Tabard da ke Southwark, za su kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin da aka kashe a Canterbury a 1170. Mai masaukin ya ba da shawara kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda ya fi kowa a yi masa liyafa. Da an cika wannan alkawari da labaran sun kai 120. Guda 24 kawai ya rubuta, wasu ma bai ƙarasa ba.

Daɗin littafin yana ga masu ba da labarin. Barde na gama labarinsa na jarumta da ladabi, sai mai niƙa, a buge, ya yi tsalle ya katse layi da labarin batsa a kan wani kafinta da aka ci amanarsa. Wakilin gona, wanda ya taɓa yin kafinta, ya ji haushi ya rama da labarin wani mai niƙa ɓarawo. Ga matar garin Bath da ta yi aure biyar, tana kare kanta da ayoyin Littafi Mai Tsarki. Ga mai sayar da takardun yafe zunubi, yana yawo da ƙasusuwan alade yana cewa na waliyyai ne, kuma da bakinsa yake faɗar damfararsa. Shi kuwa likitan ayarin, cikin malaman da aka ce ya karanta har da Ibn Sina da Al-Razi da Ibn Rushd, abin da ke nuna inda ilimin likitancin Turai na lokacin yake sha.

Duk wannan da Turancin mutanen Landan ya rubuta shi, a zamanin da Faransanci ke da daraja a fada, Latin kuma a wurin malamai. Ba shi ya fara waƙa da Turanci ba, amma shi ya nuna harshen zai ɗauki kowane irin zance, na fada da na kasuwa.

Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1400, aka binne shi a Westminster Abbey, a kusurwar da daga baya ta zama makwancin mawaƙa. William Caxton ya buga labaran da injin ɗab'i wajen 1476.