Kalmar "corn" da Hatsin Annabi Yusufu

A shekarar 1604 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ba da umurni a sake fassara Littafi Mai Tsarki cikin Ingilishi, aka buga aikin a 1611. A cikin Littafin Farawa, sura ta 41 da ta 42, masu fassarar sun kira abincin da Annabi Yusufu ya tara a rumbunan Masar "corn". A Ingilishin wancan zamani kalmar tana nufin kowane irin tsaba, har ma ƙwaya guda, kamar yadda take a Yahaya 12:24 inda ake maganar alkama. Kalmomin Ibrananci da ta maye gurbinsu a labarin Yusufu, wato "bar" da "sheber", su ma ba su keɓe wata shuka ba. Abin da Masarawa suke nomawa kuwa alkama ce da sha'ir.

Da Turawan Ingila suka zauna a Amurka, sai ma'anar ta ƙuntata, ta koma kan masara kaɗai. Ita kuwa masara shukar Amurka ce, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Saboda haka wanda ya ɗauki kalmar da ma'anarta ta Amurka ya sa Yusufu tara abin da ba a san shi a Masar ba sai bayan shekaru dubbai. Fassarar Amurka ta 1952 ta kauce wa ruɗun, ta yi amfani da "grain".

Ga Bahaushe tarkon ya fi zurfi, domin masana da dama suna danganta sunan "masara" da Masar, har kuskuren ya yi kama da gaskiya. Ko "hatsi" ma bai tsira ba: a daidaitacciyar Hausa yana tattare da gero da dawa da dangoginsu, amma manomin Maraɗi ko Tawa in ya ce hatsi, gero yake nufi.

Darasi ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci shi ne, kafin a fassara kalma a binciki zamanin da aka rubuta ta da ƙasar marubucinta, sa'an nan a gwada kalmar Hausar da aka zaɓa a kunnen mutanen yankin da za su karanta. Ƙamus kaɗai ba ya wadatarwa.