Allura, Keke da Takarda: Zariya Uku a Jikin Rigar Amarya

A ƙasan adakar matar kawuna akwai wata farar riga da ba a sake sa ta ba tun daren da aka kai ta ɗakin miji, a farkon shekarun 1980. Doguwa ce har idon sawu, ta shadda, hannuwanta faffaɗa irin na bubar Yarabawa, an bi gindinta da layi biyu na ashoke ruwan goro, a ƙirjinta kuma akwai aikin hannu irin na cikin birnin Zazzau. Tun ina yaro nake jin manya na cewa rigar nan ta kusa ɓata aure kafin a ɗaura shi. Sai da na girma na gane cewa gardamar da aka yi a kanta ta girmi waɗanda suka yi ta, domin unguwanni uku ne suka haɗu a jikinta, kowace da tarihinta da irin fahimtar da ta yi wa tufa: Birni, Sabon Gari da Samaru.

Dole a fara da Birni, ko da yake ba can aka yanka rigar ba. Kafin zuwan Turawa, ɗinki a Zazzau aikin maza ne, kuma mafi yawan masu yinsa malamai ne da almajiransu, waɗanda ke zaune a zaure da allo a gefe da allura a hannu. Riga ba ta fita daga hannu ɗaya. Mata ne ke gurzar auduga su kaɗa zare a cikin gida, kamar yadda Baba ta Karo ta ba Mary Smith labari a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950. A fara kai zaren marina in ana son saƙi, masaƙi ya saƙa shi siri-siri, maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, mai zane ya fitar da fasalin aiki a kan aljihu da wuya, mai surfani ya bi zanen da tsamiya ko alharini na tsawon watanni, sannan a kai mabuga. Tsamiya siliki ce ta gida, daga saƙar wata tsutsa ake samunta. Alharini kuwa sai ya ratso Sahara a bayan raƙumi. Fasalin aikin ma yana da sunaye da kowa ya sani: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, dagi. A zamanin Daular Usmaniyya irin waɗannan riguna sun zama tukuicin sarakuna da alamar naɗi, kuma Nufawa da Yarabawan Ilori suna da hannu a sana'ar kamar yadda Hausawa ke da shi. Wato tun asali ma babbar riga ba ta ƙabila ɗaya ba ce.

Abin lura a nan shi ne wannan ɗinki bai san awon jiki ba. Da kamu da taƙi ake auna zane, ba a auna mutum. Babbar riga ba ta bin surar mai ita. Rufe ta take yi, ta ƙara masa kwarjini, shi ya sa uba ke mutuwa ya bar wa ɗa ita ba tare da an rage ko an ƙara ba. Mace kuwa zane take ɗaurawa ta yafa wani. Almakashi bai da aiki mai yawa a wannan duniya, don yanka ƙyallen da aka sha wahalar saƙawa asara ce.

Jirgin ƙasa ne ya kawo ɗaya fahimtar. A 1911 dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya nufi Kano, a 1912 aka haɗa shi da na Ikko, daga baya aka ja reshe zuwa Bukuru, wani kuma zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Zariya ta zama mahaɗa. Akawuna da kafintoci da direbobin jirgi da 'yan kasuwa suka kwararo daga Kudu, har da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Turawa ba su so a cakuɗa su da mutanen Birni, sai aka yanka musu fili kusa da tasha, a ƙetaren rafin Kubanni, aka kira shi Sabon Gari. Kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant suka buɗe kantuna, kuma cikin hajarsu akwai akoko da kaki da atamfar Manchester, da wani ƙarfe baƙi mai suna Singer.

Sunayen da Hausa ta ba sabon abin sun isa tarihi. Na'urar ta zama keke, don tana da ƙafa mai juyawa kamar keken hawa. Mai aiki da ita ba a ce masa maɗinki ba, aka aro masa suna daga Ingilishi, tela. Tare da shi yadi da inci da tef suka shigo bakin mutane. Telan Sabon Gari na farko kayan aiki yake ɗinkawa: kakin ɗan sanda, gajeren wandon ɗan makaranta, kwat ɗin akawu. Shi sai ya auna kafaɗa da ƙugu, ya yanka yadi ba tausayi, ya zubar da ragowa. A makarantun mishan, har da na Wusasa inda mishan ɗin Dakta Miller ya koma daga cikin Birni a 1929, aka koya wa 'yan mata ɗinki, mace ta hau keke. Ta wannan ƙofa ce farar rigar aure ta shigo, wadda ita kanta a Ingila ba ta zama yayi ba sai bayan da Sarauniya Biktoriya ta sa ta a 1840. A majami'un Sabon Gari aka fara ganinta, sannu a hankali kuma ta tsallaka zuwa hotunan auren waɗanda ba su taɓa shiga majami'a ba.

Duk da shirin Turawa, Sabon Garin Zariya bai daɗe yana na 'yan Kudu zalla ba. Hausawa baƙi da Nufawa da Barebari suka zauna a ciki, yaran Hausawa suka shiga koyon keke a hannun Yarabawa, Yarabawa suka koyi yanka kaftani. Lokacin da Ibo da yawa suka bar garin a rikicin 1966, yaran shagonsu ne suka riƙe wasu sana'o'in. Mutanen da suka yi shekara hamsin suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya kuwa, ba makawa 'ya'yansu su nemi auren juna.

Samaru labarinta daban. Auduga ce ta fara jawo hankalin Turawa zuwa ƙasar Zazzau. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta yi fatan Arewa za ta ciyar da masaƙun Ingila, ta kafa injin gurza a Zariya, aka kuma kawo irin audugar Amurka mai suna Allen. Da farko abin bai yi musu daɗi ba, don masaƙan gida sun fi su sayen auduga da tsada, manoman Kano kuma suka zaɓi gyaɗa. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, auduga na cikin manyan abubuwan da ta sa gaba. Daga baya aka gina kwalejin fasaha da kimiyya a wurin, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wannan kwaleji ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce ba za su zubar da zanen iyayensu don na Bature ba, ba kuma za su ƙi kayan aikin Bature ba, haɗa su za su yi. Ana ɗaukar wannan a matsayin juyin juya hali a tarihin zanen Nijeriya, kuma haka ne. Ni dai a ganina telolin Sabon Gari sun riga su aikata shi da shekaru, sai dai su ba su rubuta takarda ba.

Takarda ita ce gudummawar Samaru. A nan aka fara koyar da zana tufa kafin a taɓa almakashi, a nan kuma aka fara ɗaukar surfanin Birni a matsayin ilimi. David Heathcote, malami a jami'ar, ya bi zaurukan masu ɗinki yana tattara zane-zanensu, ya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kammala kundin digirinsa na uku a kan surfanin tufafin Hausa a 1979. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a gare mu cewa mai son ganin tsofaffin fasalin aikin Zazzau a jere, sau da yawa sai ya koma ga abin da baƙo ya adana.

To, a tsakiyar waɗannan uku rigar matar kawuna ta faɗo. Ita Bayarabiya ce Musulma, haifaffiyar Sabon Gari, kakanta ya zo da aikin jirgi. Kawuna ɗan Birni ne da ke aiki a Samaru. Danginta suka ce amarya ba ta fita sai da ashoke, zane da buba da ɗauri, kamar yadda uwarta ta fita. Ita kuma ta ga doguwar farar riga a bikin wata ƙawarta 'yar jami'a, har ta sa an zana mata irinta a takarda, mai ɗamammen ƙugu. Kakata da ta ga takardar, an ce ajiye ta ta yi a kan tabarma ta ce, "Wannan ai ba a gama ɗinka ta ba."

Wani dattijon tela a kasuwar Sabon Gari, wanda ya ɗinka wa amaryar kayan makaranta tun tana ƙarama, shi ya raba gardamar. Ya ce wa kakata, "Hajiya, ki bar mini tsawon, ni kuma in bar miki faɗin." Ya ce wa uwar amarya, "Mama, ashokenki zai shiga, amma a ƙasa zai zauna." Ya saki ƙugun, ya buɗe hannuwan, ya tsaga ashoken uwar gida biyu ya bi gindin rigar da shi. Saura ƙirji. Nan ya ce kekensa bai isa ba, sai an shiga da ita ta Ƙofar Doka.

A Birni aka sake wata. Amarya ta so a yi mata aska biyu irin ta rigar ango, mai zanen ya ƙi. Ya ce, "'Yata, aska ta maza ce, ban taɓa ɗora ta a ƙirjin mace ba, ba kuma zan fara da ke ba." Sai ya zana mata ƙaramin tambari a tsakiya, ya kewaye wuyan da dagi. Wadda ta bi zanen da allura kuwa mace ce, matar kulle, kuma wannan kansa sabon abu ne a lokacin. Binciken Elisha Renne ya nuna cewa daga tsakiyar shekarun 1970 ne matan birnin Zariya suka shiga surfanin manyan riguna. Dalilan a bayyane suke. Masaƙun zamani, tun daga na Kaduna da aka buɗe a 1957, sun kashe kasuwar zaren hannu, mata suka rasa kaɗin da suka gada. Kuɗin man fetur ya janye maza zuwa aikin albashi da keken surfani. Sannan da mulki ya koma hannun farar hula a 1979, Shehu Shagari ya hau da babbar riga, kowane ɗan siyasa da ɗan kwangila ya nemi tasa. Buƙata ta yi yawa, hannu ya yi kaɗan, allura ta tsallaka daga zaure zuwa cikin gida. A 1994 har wasu daga cikin matan suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina don su riƙa sayar da aikinsu da kansu.

Suna da dalilin yin haka. A cikin duk waɗanda suka taɓa rigar matar kawuna, matar da ta yi makonni tana tsiyayar da idonta a gaban fitilar ƙwai ita ta karɓi mafi ƙarancin lada, kuma ba wanda ya riƙe sunanta a gidanmu. Ana tuna telan, ana tuna taurin kan mai zanen. Ita dai an san aikinta ya biyo ta hannun wani yaro a cikin ƙullin tsumma. Haka tsarin yake har gobe: dillali ne ke ganin mai saye, mai allura ba ta san nawa aka sayi rigar ba.

Yau kayan sun ƙara nisa da gida. Manyan masaƙun Kaduna sun durƙushe a shekarun 2000. Gezna da leshi masu tsada daga Ostiriya suke zuwa, masu araha daga Sin. Anko da ashoke, waɗanda kakata ta ɗauka baƙin abu, sun zama wajibi a bikin Bahaushe tun daga kamu har dina, har 'yan mata na mamaki in an ce musu aro ne. Telolin Samaru, da yawansu masu digiri, a waya ake turo musu samfur, kuma keken kwamfuta na fitar da aska takwas cikin yini guda, tsaf ba karkace. Ba na cikin masu tsine wa wannan keke. Ya sa talaka ma ya sa riga mai aiki. Amma kwamfuta kwafa take yi, ba ta san me ya sa tambari ke zama inda yake zama ba, ba kuma za ta taɓa ce wa amarya a'a ba.

Bara jikar matar kawuna ta tashi aure, za ta auri wani ɗan Igala da suka yi karatu tare a Samaru. Aka fito da rigar daga adaka, shaddar ta ɗan yi ja, ashoken yana nan yadda yake. Ta ce irinta take so, sai dai a sa baƙi da rawaya na dangin ango a madadin ruwan goro. Telarta ta ɗauki hoton ƙirjin da waya, ta ce jibi a zo a karɓa. Yarinyar ta ce a'a, da hannu take so. Na raka su cikin Birni muna tambaya. Mata masu surfani ba su yi wuyar samu ba, kusan kowane lungu akwai su. Mai zane ne muka yi kwana uku muna nema. Da muka same shi, tsoho ne a wani zaure, ya shimfiɗa tsohuwar rigar a cinyarsa, ya bi dagin da yatsa tun daga inda ya fara har inda ya koma, ya ce hannun malaminsa ne. Na tambaye shi ko yana da yara masu koyo. Ya ce akwai guda biyu, amma ɗayan ya sayi babur.