Waƙar Hausa a Bakin Teku: Nazari a kan Orchestre Abass ta Togo da Dalilan Ɓoyuwarta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙungiyar kiɗan zamani ta Orchestre Abass, wadda Malam Issa Abass ya kafa a Togo. Hujjar da aka kafa ita ce, ba ƙarancin gwaninta ne ya hana ta shahara ba. Masu jin harshenta ba su ne masu sayen faifai ba, hanyar fitar da faifan kuma ta toshe.

Gabatarwa

A 1972 kamfanin Polydor ya fitar wa ƙungiyar da ƙananan faifai biyu, waɗanda suka ƙunshi "Haka Dunia" da "Samarin Banza". Sunayen kaɗai sun isa shaida cewa Hausa ta samu gurbi a kiɗan rawar Lome, babban birnin Togo, na lokacin, duk da cewa Ewe da Mina ne harsunan titi. Malam Issa na kaɗa jita da ogan. Wanda ya saurari "Haka Dunia" zai ji ogan ɗin ya yi kaka-gida a gaba, da kaushin murya, yana lanƙwasa irin ta mai rera ƙasida, ganguna kuwa na tafe da salon fank na Amurka.

Masu ji da masu saye

Hausawan Lome 'yan kasuwa ne. Michel Agier, a littafinsa na 1983 kan fataken Zangon Lome, ya nuna yadda harkar shanu da goro ke gudana a hannun masu gida, waɗanda ke saukar da baƙi su kuma tsaya musu a ciniki. A irin wannan al'umma, kuɗin waƙa a wurin biki da suna ake kashe shi, a liƙa wa maroƙi ko mai kalangu a idon jama'a, domin a ambaci sunan mutum da na iyayensa. Faifai ba ya yi wa kowa kirari. Gidan rawa kuma, inda giya ke yawo, ba wurin da dattijon Zango zai so a gan shi ba ne. Masu kuɗin babbar kasuwar Adawlato, matan nan dillalan atamfa da ake kira Nana Benz, galibinsu ba Hausa ce harshensu ba. A ganin mai wannan nazari, ƙungiyar ta zama jemage a kasuwar kiɗa: ta yi wa Zango zamani da yawa, ta yi wa 'yan bakin teku arewanci da yawa.

Sai kuma a 1977 gwamnatin Shugaba Eyadema ta rushe tsohon Zango na tsakiyar gari, ta kwashe mutanensa zuwa kimanin kilomita 15 arewa da birnin. Masu jin Hausa suka ƙara nisa da dandalin kiɗa.

Toshewar hanya

Naɗe-naɗen ƙungiyar sun kasance a hannun reshen kamfanin PolyGram na Gana. Juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 a Gana ya zo da dokar hana fitar dare wadda ta kassara gidajen rawa, daga baya kamfanin ya rufe reshensa, ya bar kaset-kaset cikin kwalaye a wani sito a Akra. Malam Issa ya rasu a 1993, lokacin da rikicin siyasa ya dabaibaye Togo, bayan an jefa gurneti cikin ɗakin kwanansa.

A 2008 Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa na Jamus, ya ci karo da naɗin a Akra bai lalace ba, har da waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba. Bayan kimanin shekara 10 ya fitar da waƙoƙi 6 da sunan "De Bassari Togo". Ya sanya ƙungiyar a sahu ɗaya da Super Borgou ta Parakou da Hamad Kalkaba na Kamaru, yana mai cewa tasowa cikin Musulunci ce ta haɗa salonsu. Wannan rabe-raben na da amfani, amma kunnen mai tara faifai ne ya yi shi. Abin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne rubuta matanin waƙoƙin, a tantance karin harshen da aka rera su da shi, a gwada shi da Hausar Zangon Kumasi da ta Kano.